Filasma da Tsohuwar Kwamfuta: Yadda Muke Karatun Fim a Garbadu

 

Maudu'inmu na wannan mako zai yi kama da hirar masu gyaran lantarki, amma ku yi haƙuri ku biyo mu, a kan rubutu zai ƙare. 'Yan uwa da dama, musamman na Bakura da Maradun, sun sha tambayarmu yadda muka haɗa talabijin ɗin filasma da kwamfuta a ƙungiyarmu ta nan Garbadu, da kuma ko ya dace su ma su haɗa kuɗi su yi irin haka. Tunda kuɗin karo-karo ne za a taɓa, kuɗin da wasu ke cirewa daga na sabulu, bai kamata mu amsa da "e" ko "a'a" kawai ba. Abin da muka gano shi ne, marubuci yana ƙaruwa ƙwarai idan ya kalli fim tare da 'yan uwansa a allo ɗaya, yana da ikon tsayar da shi ya yi tambaya. Filasma tana iya wannan aikin da kyau, amma tana da sharuɗɗa, kuma wanda bai san su ba zai iya asarar kuɗinsa.

Tunanin ya samo asali ne tun watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga. Kowa a nan ya tuna wannan zama. Babu kira, babu WhatsApp, babu Facebook, an dakatar da kasuwannin mako, an hana sayar da fetur a jarka. Duk littafin da muke karantawa a waya ya tsaya a shafin da aka tura na ƙarshe. Abin da ya rage mana shi ne abin da ke ajiye a cikin wata tsohuwar kwamfutar cinya, wadda ɗayanmu ya rubuta aikinsa na kammala difloma da ita a kwalejin Abdu Gusau da ke Mafara. Akwai littattafai a ciki, akwai 'yan finafinai. Mu goma sha ɗaya muke haɗa kai a kan allo mai inci 14, na gefe ba ya ganin komai sai inuwa, na baya kuma sai dai a ba shi labari. Duk da haka, musun da muka riƙa yi bayan kowane kallo ya fi duk wani sharhi da muka taɓa yi wa juna a waya. Da aka buɗe layuka kowa ya koma kallo shi kaɗai a wayarsa, musun ya mutu. Daga nan muka fara maganar neman babban allo.

Kafin a je ko'ina, sai mu daidaita kalmar. A wurinmu duk talabijin mai faɗi marar ƙeya sunanta filasma. Idan aka ce an saka wa amarya filasma a kayan ɗaki, galibi LED ce ko LCD. Filasma ta gaskiya daban take. Tana da nauyi sosai, fuskarta gilashi ne mai tauri, bayanta yana ɗaukar zafi, kuma da wuya ka ga wadda ta gaza inci 32. Mafi yawansu inci 42 ne ko 50 zuwa sama. Lambar da ke manne a bayanta ma tana nunawa. A Samsung takan fara da PS ko PN, a LG harafin P ne ke bin lambar incin, a Panasonic ma za ka ga P a cikin lambar. Alama mafi sauƙi kuwa ita ce ka koma can gefe ka kalle ta. Idan launin bai dusashe ba, to alamu sun nuna ita ce. Wannan hali nata shi ya ja hankalinmu, domin a ɗaki mai ƙunci dole wasu su zauna a gefe.

Yadda take aiki ba shi da wuyar fahimta. Tsakanin gilasai biyu akwai ƙananan ɗakuna masu yawan gaske, kowanne cike da iskar gas, neyon da zenon. Idan lantarki ya ratsa gas ɗin sai ya fitar da wani haske da ido ba ya gani, hasken ya bugi wani sinadari da aka shafe ɗakin da shi, sinadarin ya haskaka da ja ko kore ko shuɗi. Ɗakuna uku su ne ɗigo ɗaya na hoto. Ke nan kowane ɗigo fitilar kansa ce, saɓanin LCD da LED waɗanda fitila ce a baya take haska allon. Shi ya sa baƙin filasma yake fita baƙi sosai, fim ɗin dare ya yi kyau, motsi kuma ba ya jan jela. Amma nan ne rauninta yake. Sinadarin yana tsufa gwargwadon aikin da ya yi. Wurin da hoto mai haske ya daɗe a tsaye yakan riga sauran tsufa, sai ya bar tabo kamar inuwa. Wani tabon na ɗan lokaci ne, yana gogewa bayan an kalli abu mai motsi. Wanda ya samu daga sa'o'i masu yawa ana maimaita hoto ɗaya kuwa ya zauna ke nan.

Wani abin sha'awa a tarihinta shi ne, tun asali domin kwamfuta aka ƙirƙire ta, kuma domin karatu. A 1964 ne Donald Bitzer da Gene Slottow da ɗalibinsu Robert Willson suka haɗa allon filasma na farko a Jami'ar Illinois da ke Amurka, saboda wani tsarin koyar da ɗalibai ta kwamfuta mai suna PLATO. Launi ɗaya gare shi, ruwan lemo. Sai a shekarun 1990 kamfanoni irin su Fujitsu na Japan suka fito da manya masu launi, inci 42, waɗanda a lokacin sai attajirai. Daga baya LCD ta yi araha, ta rage shan wuta, ta ƙwace kasuwa. Panasonic ya daina ƙera filasma a 2014, Samsung da LG ma suka bi sahu a wannan shekarar. Mu da muka jona ta da kwamfuta muna koyon rubutu, kusan mun mayar da ita aikinta na farko ne.

Darasin da ke cikin wannan tarihi ga mai saye a fili yake: duk filasmar da za ka gani a kasuwa yau ta haura shekara goma, ko da an goge ta tana ƙyalli. Kada ka saya sai an kunna a gabanka. Tafi da filas ko kwamfutarka ɗauke da hotuna biyar marasa komai: fari, toka-toka, ja, kore, shuɗi. Cika allon da kowanne ka duba kusurwoyi da ƙasa. Duk tabon da ke ɓoye zai fito, musamman a kan toka-toka. Duba ko akwai layi siriri da ya ratsa daga sama zuwa ƙasa, domin irin wannan yakan ƙaru. Bar ta a kunne kamar rabin awa, wata sai ta ɗauki zafi take kashe kanta. Sannan karanta takardar baya: wadda aka yi domin kasuwar Amurka wuta 110 zuwa 120 take so, tamu kuwa 230 ce, idan ka jona kai tsaye ka gama da ita.

Tamu mun same ta ne a Mafara wata ranar Talata, wurin wani dattijo mai gyara. Inci 42 ce, daga wani gidan kallon ƙwallo ta fito. Tun kafin mu ciro filas ɗinmu ya nuna mana tabonta da kansa, a kusurwar sama ta hagu, inda akwatin ƙidayar ci da mintoci ya shekara yana zaune. Ya rage mana kuɗi saboda shi, sannan ya ce, "Samari, ku ji mi nika gaya muku. Wagga ba ta son tsayuwa wuri guda. In kunka bar hoto guda bisa gare ta, nan za shi kwana, ba ni da maganinai." Muka ce, "Mun ji, Baba." Ya ƙara da cewa kada mu kuskura mu kwantar da ita a mota, domin gilashin yana da faɗi da nauyi, gargada ɗaya ta isa ta tsaga shi. A tsaye muka kawo ta Garbadu, mutum biyu na riƙe da ita, an naɗe ta da bargo. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, mun san abin da muka saya.

Haɗa ta da kwamfuta shi ne mafi sauƙi. Idan dukkansu suna da ramin HDMI, igiya ɗaya ta wadatar, tana ɗaukar hoto da sauti. Idan kwamfutar tsohuwa ce mai ramin VGA, wannan mai launin shuɗi da ƙananan huji 15, to hoto kaɗai yake kaiwa, sai a nemi wata igiyar a kai sauti zuwa lasifika. A Windows, danna maɓallin Windows tare da harafin P, zaɓi zai fito na yadda za a raba allon. Mu mun fi son wanda ke mayar da talabijin allo na biyu mai zaman kansa. Ta haka mai riƙe da kwamfuta yana binciken fayil a ƙaramin allonsa, babban allon kuma ba ya nuna komai sai fim. Wannan yana kare filasmar daga layin gumakan Windows na ƙasa, wanda ba ya motsi, kuma yana cikin abubuwan da suka fi barin tabo ga masu amfani da ita a matsayin allon kwamfuta.

Abu biyu za su ba ku mamaki a ranar farko. Na ɗaya, za ku ga gefen hoton ya ɓace, kamar an yanke shi ta ko'ina. Ɗabi'ar talabijin ce ta faɗaɗa hoto kaɗan. A shiga wurin saita girman hoto a nemi "Just Scan" a LG da tsofaffin Samsung, ko "Screen Fit" a na baya-bayan Samsung, sai komai ya dawo. Na biyu, ƙananan haruffa za su fito da hazo. Yawancin filasma masu inci 42 da ba cikakkiyar HD ba ɗigo 1024 a kwance da 768 a tsaye gare su, kuma ɗigon ba murabba'i ba ne, an ɗan miƙe shi domin ya cika faɗin allon. Fim ba ya nuna wannan, rubutu kuwa yana tona shi. Mu masu Hausa abin ya fi shafa, domin lanƙwasar ɗ da ƙ da ɓ ƙarama ce. A ƙaramin rubutu sai ka kasa bambanta "ƙafa" da "kafa", ko "ɓata" da "bata". Mai ɗigo 1920 da 1080 ta fi kyau nesa ba kusa ba, idan an dace da ita.

Sai maganar wuta, wadda ita ce ta fi cin aljihu. A bayan tamu an rubuta wat ɗari uku da ɗoriya. LED mai irin girmanta ba ta cika wuce wat 100 ba. Ƙaramin janaretan nan da ake haɗa wa fetur da baƙin mai, ko da an rubuta 950 a jikinsa, abin da yake iya ɗauka a kai a kai bai wuce wajen wat 650 ba. Idan aka ɗora filasma da kwamfuta da lasifika da fanka ɗaya, an kusa ƙure shi. Tun da aka cire tallafin fetur a ƙarshen Mayun 2023, kowane zama sai mun yi lissafi. Muna da gwangwanin da kowa ke jefa abin da ya sawwaƙa, kuma an yi makonnin da gwangwanin bai kai ba, muka yi karatu a takarda muka watse. Ba ma jona ta kai tsaye, sai ta sitabilaiza, domin hawa da saukar wuta yana ƙona allon wutar da ke cikinta, kuma kayan gyaranta sai dai a ciro daga wata matacciya.

Akwai wani hali nata da kunne ma yana ji. Tunda kowane ɗigo fitila ce, shan wutarta yana bin hasken hoton. Idan fim ya shiga dare, janareta yakan sassauta murya. Da zarar an buɗe farin shafi na Word sai ka ji ya yi nishi, ita kuma filasmar ta rage hasken farin da kanta domin kare kayan cikinta. Farin shafi, haruffa a tsaye, gumaka a sama ba sa motsi, sa'o'i ana zaune: duk abin da ba ta so ya haɗu a aikin marubuci. Saboda haka ga wanda ke tunanin ya sayi filasma ya riƙa buga littafinsa a kanta, shawararmu ita ce ya bari. Rubutu a takarda ko a ƙaramin allo. Idan muna son karanta gajeren labarin wani tare, muna zuba shi a PowerPoint, bango baƙi, haruffa manya masu launin toka, sakin layi ɗaya a kowane shafi, kuma muna juyawa da wuri.

Lokacin zama ma sai da muka yi masa dabara. Filasma a duhu take nuna kyanta. Da rana gilashinta madubi ne, taga da fuskokin masu kallo duk suna ciki. Amma halin tsaron da muke ciki bai bar mana taron dare ba, kuma 'yan uwanmu mata huɗu dole su koma gida kafin magariba. Idan muka ce sai dare, mun cire su ke nan, alhali biyu daga cikinsu su ne ke shirin shiga gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara domin mata a 2016. Saboda haka bayan la'asar muke zama, mu toshe taga da bargo, mu jingina allon ta inda ƙofa ba ta fuskantarsa. A watan Afrilu ɗakin kamar tanda, ga zafin gari ga nata. Da hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba, sai mun rufe ta da zane bayan ta huce, mu share ramukan iskarta da busasshen buroshi.

Yanzu ga inda maganar ta dawo kan rubutu. Dalilin haɗa ta da kwamfuta tun farko shi ne mu samu ikon tsayar da fim mu tattauna. Ita kuma ba ta son hoto a tsaye. Tsayarwar minti biyu ba ta kashe allo, amma wa ya taɓa ganin musun marubuta ya ƙare a minti biyu? Namu yakan ci rabin awa a kan fitowa ɗaya, kuma kowane mako ne, a kan allon da ya riga ya tsufa. Mafitar da muka samu ita ce mu ajiye hoto baƙi wuluk a buɗe. Da an tsayar da fim sai mai kwamfuta ya juya zuwa baƙin, allo ya yi duhu. A PowerPoint ma harafin B kaɗai za ka danna ya yi haka.

Domin kare kuɗinmu muka fara wannan, sai ya zama darasin da ya fi kowanne amfani. Da allo ya yi duhu babu mai iya nuna yatsa ya ce "ga shi can". Dole kowa ya faɗi abin da ya gani da bakinsa. Muka mayar da shi doka: kafin a yi magana, kowa ya ɗauki biro ya rubuta fitowar a layi goma, cikin minti biyar. Sannan a karanta ɗaya bayan ɗaya, sannan a mayar da fim ɗin baya a sake kallo.

Mu ba ku misali. Mun taɓa tsayawa a kan wata fitowa inda mace ta kawo wa mijinta abinci, ga kishiyarta zaune. Mutum bakwai cikinmu suka rubuta kusan abu ɗaya: ranta a ɓace yake, kishi ya cika mata zuciya, zuciyarta na tafarfasa. Ɗaya daga cikin 'yan uwa mata ta rubuta cewa matar ta ajiye kwanon, ta juya marfinsa yadda hannun ya fuskanci miji, ta ɗauke kofin ruwan da kishiyar ta riga ta ajiye ta maye shi da nata, ba ta ce uffan ba. Da aka mayar da fim ɗin, haka abin yake. Mu bakwai mun rubuta hukuncinmu a kan matar, ita ta rubuta abin da matar ta yi, kuma duk wanda ya ji nata ya gane kishin ba tare da an ambaci sunansa ba. Shugabanmu ya ce mata, "Malama, sake karanta mana." Ta sake. Babu wanda ya yi wani dogon sharhi, kowa ya koma kan takardarsa.

Manhajar da muke kallo da ita VLC ce, kyauta ce, ɗalibai ne suka fara ta a wata makarantar injiniyoyi a Faransa, kuma tana buɗe kusan kowane irin fayil ba tare da intanet ba. Dogon maɓallin ƙasa yana tsayarwa, harafin E yana matsar da hoto ɗaya bayan ɗaya, ana iya rage gudu, ana iya sa ta maimaita wani yanki. Da waɗannan muke wasu gwaje-gwajen. Mukan kashe sauti gaba ɗaya mu tambayi kanmu wa ke da iko a ɗakin nan, kuma me ya nuna. Mukan yi akasin haka, allo baƙi sauti a kunne, mu saurari zance kaɗai mu ji ko za a iya bambanta masu magana ta kalmominsu. Mukan duba ta ina fitowa ta fara. Nan muka lura cewa fim mai kyau yana shiga ɗaki ne bayan rigima ta riga ta kankama, alhali labaranmu da yawa sai an tashi daga barci, an yi wanka, an kwatanta dara-daran idanu da dogon hanci shafi biyu kafin wani abu ya faru.

Wani aikin da muke ba da shawara shi ne kwatanta littafi da fim ɗinsa, ga wanda ya samu duka biyun. Adabinmu yana da misalai. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Adamu Halilu ya mayar da shi fim a 1976, aka kuma gyara shi aka nuna a bikin finafinai na Berlin a 2018. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya zama fim a 1994. Alhaki Kwikwiyo na Balaraba Ramat Yakubu ma an yi fim ɗinsa. Karanta babi, kalli fitowar da ta yi daidai da shi, duhunta allo, sannan a tambaya me aka cire, me aka ƙara, me ya sa. A nan za ku ga iyakar kyamara. Ba ta iya shiga zuciya, ba ta iya tsallake shekara goma a jimla ɗaya ba tare da dabara ba, ba ta da karin magana na mai ba da labari. Waɗannan namu ne. Muna koyon gani daga fim, amma ba mu yarda ɗan ƙungiya ya mayar da labarinsa jerin umarnin ɗaukar hoto ba.

Dattawanmu sukan ba da labarin majigi, motar da ke zuwa gari tun zamanin Turawa, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada a nuna finafinai irin su Baban Larai mai koyar da noman auduga, wani yana tsaye da lasifika yana fassara wa jama'a abin da suke gani. Kallo tare tsohon abu ne a wurinmu. Bambancin shi ne a majigi mutum ɗaya ke faɗin ma'ana, injin kuma ba ya tsayawa domin kowa. A ɗakinmu kowa yana da ikon cewa "tsaya nan", har wanda ya shigo ƙungiya jiya.

Sauran kulawar kaɗan ce. A cire ta daga tsarin hoto mai ƙyalli na kanti a sa ta a na silima, a rage ƙarfin haske. Wuta za ta ragu, tabo ma haka. A kunna abin da ke motsa hoto kaɗan-kaɗan ba tare da ido ya lura ba, Samsung na kiransa "Pixel Shift", LG kuma "Orbiter". Tsofaffin finafinan Hausa na zamanin kaset da faifai masu siffar kusan murabba'i suna barin baƙin shinge dama da hagu, sai a mayar da shingen toka-toka idan talabijin ɗin ta yarda, kuma kada a jera irinsu yini guda. Fim mai tambarin tasha a kusurwa a yi hattara da shi. Bayan kowane zama mukan bar wani abu mai motsi da ya cika allo na 'yan mintoci kafin a kashe.

Kalma ɗaya a kan haƙƙin mallaka. Mu ne muke kuka idan aka kwafe littafinmu aka watsa a WhatsApp ba da izini ba. Satar fasaha na cikin abubuwan da suka durƙusar da kasuwar faifan Kannywood. Bai dace mu cika kwamfuta da kayan sata sannan mu zauna muna koyon sana'a daga waɗanda muka cuta ba. Finafinai da yawa masu su da kansu suke sakawa a tashoshinsu na YouTube, a kalla a can idan akwai data. Akwai tsofaffin faifai na asali a gidajenmu. Kuma ba ma karɓar kuɗin ƙofa, gwangwanin na fetur ne kawai.

To, a saya ko kada a saya? A cikinmu ma ba a gama wannan musun ba. Ma'ajinmu yana ganin kuɗin fetur na shekara biyu ya isa sayen LED, kuma lissafinsa ba ƙarya ba ne. Masu zama a gefe kuma, da waɗanda suka saba da kyan hotonta a duhu, ba sa son jin maganar sayarwa. Abin da muka amince a kai shi ne: idan da sola da batir za ku yi aiki, ku manta da filasma, za ta shanye batirin kafin fim ya kai rabi. Idan kuna da kuɗin LED mai inci 40 zuwa sama, ku saya, hankalinku zai fi kwanciya. Idan kuwa akwai filasma a gidan wani ɗan ƙungiya tana shan ƙura, ko kun samu mai lafiya da araha kun gwada ta da hotunan nan biyar, to ku ɗauka, ku bi sharuɗɗanta. Kowace kuka samu, ku riƙe dokar duhunta allo, ko da allon naku ba ya tsoron tabo.

Aikin wannan mako ga kowa, har wanda waya kaɗai gare shi: zaɓi fitowa ɗaya da ba ta wuce minti uku ba, kalle ta sau ɗaya, kife wayar, rubuta ta a layi goma. Sharaɗi ɗaya ne, kada kalmar fushi ko kishi ko so ko baƙin ciki ta fito. A ajiye a ƙasan wannan rubutu kafin Juma'a, za mu karanta mu yi wa juna gyara.

Allah Ya ba mu zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya, Ya ƙara wa alƙalumanmu albarka. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.